Kuskure ko Tangarɗa? Lambar da Kwamfuta Ke Nunawa

Wani mai gyaran kwamfuta daga Kano ya aiko da tambaya: "Malam, lambar nan da kwamfuta ke nunawa idan ta ƙi aiki, yarana a shago suna ce mata lambar kuskure. Daidai ne? Kuma wane karin magana ya dace da ita?"

Malam mai gyara, Allah ya yi wa sana'a albarka. Ni na fi son a ce lambar tangarɗa. Kuskure a Hausa daga harbi ya fito: maharbi ya auna barewa, kibiya ta kuskure ta. Wato akwai mai niyya, akwai abin da ya nufa bai samu ba. Tangarɗa kuwa cikas ce da ke tare abin da ke cikin tafiya, ko da ba hannun kowa. Wayar da ta saki a cikin na'ura ba ta yi kuskure ba.

Lambobin da ake gani idan shafin intanet ya ƙi buɗewa ma sun raba mana gardama. 'Yan gidan 400, wato masu farawa da 4, suna nuni ga ɓangaren mai neman shafin. 404 na nufin an isa uwar garke, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafukan, amma ba a tarar da shafin ba, sau da yawa don an rubuta adireshi ba daidai ba. Nan kalmar kuskure ta zauna daram. 'Yan gidan 500 kuwa matsalar tana can wurin uwar garken, mai nema ba ruwansa.

Karin maganar da ta dace ita ce "labarin zuciya a tambayi fuska", tunda dama fuskar kwamfuta muke ce wa allonta. Sai dai a lura, Bahaushe cewa ya yi a tambaya, bai ce a yanke hukunci ba. Idan Windows ta yi shuɗin allo ta nuna 0x7B, abin da ta faɗa kawai shi ne ta kasa kaiwa ga ma'ajiyar da take tashi daga cikinta. Ko ma'ajiyar ce ta mutu, ko waya ce ta saki, ko wani ya taɓa saitin BIOS, wato manhajar da ke fara tada kwamfuta, wannan sai ka bincika. Yana ba ni takaici in ga an sa talaka sayen sabuwar ma'ajiya alhali saiti ne kawai ya sauya.

Ka tuna ranar 19 ga Yuli, 2024, da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 suka yi shuɗin allo, har jiragen sama suka kasa tashi. Ƙarfensu lafiya lau. Sabuntawar manhaja ce daga kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ta zo da aibi. A wurin masu kwamfutocin tangarɗa ce, a wurin waɗanda suka rubuta manhajar kuwa kuskure ne.