Amsa ga Alhaji kan keken motsa jiki da ba ya riƙe caji

Assalamu alaikum jama'a. Alhaji barka da yamma, ya gida, ya zafi? Na saurari muryarka. Ka ce keken motsa jikin nan da aka kawo maka okaziyo daga Kwatano, da ka tsaya da tuƙi sai allon ya mutu, har za ka aiki yaro kasuwa ya sayo sabon batir. Don Allah dakata tukuna, kar ka fidda ko dala sai an auna.

Ka gane, irin wannan keken da ba a jona shi a bango, shi ke ba kansa wuta. Akwai danamo a ciki, ƙafarka ke juya shi, shi kuma ya cika ɗan batir. To laifin yana iya zama na batir, yana iya zama wutar ce ba ta isa gare shi. Mitar auna wuta kaɗai ke raba gardamar nan. Ka aro ta wajen mai gyaran sola, a sa ta kan DC, wato wuta irin ta batir, a kwance murfin gefen keken. Ka fara karanta jikin batirin, 6 volt ne ko 12, sannan a ɗora wayoyin mitar kan bakinsa. Lafiyayye in ya cika, na 6 yana nuna kamar 6.3, na 12 kuma 12.6. In na 6 ya nuna 5 da ɗan wani abu, ya sauka ƙwarai.

To ga inda maganar take. Kar a ɗauke mitar, ka sa yaro ya hau ya tuƙa da ƙarfi, ba tuƙin ganin dama ba, don in ana jan ƙafa danamon ba ya ba da komai. Idonka kan lamba. In ta hau wajen 7, ko kusan 14 ga na 12, caji na zuwa, batir ne ya gaji. In ta tsaya cik, wallahi ko sabo dal ka sa, haka zai mutu. Sai a bi waya. A duba bakin batir ko ya yi farin gari, a goge, a matse. A duba fis. A duba bel ɗin danamo, in ya saki za ka ji yana ƙara yana sulɓewa, ga ƙurar hunturunmu da ke shiga ko'ina.

Ni dai zatona ya fi ga batir. Irin wannan na darma ne, in ya yi watanni a kwantena ba caji, ya lalace ke nan, kuma zafin Afrilu da ke wuce 40 nan Maraɗi yana rage masa kwana. In 6 volt ne, sau da yawa irin na fanka mai caji yana shiga, a dai gwada girma da lambar Ah, wato yawan cajin da yake riƙewa. Amma Alhaji, kar wani ya ce a sa na babur, 12 ne, zai ƙone katin lantarkin da ke cikin keken, shi kuwa samunsa aiki ne. Jar waya kan alamar ƙari.

Af, in keken ya zo da caja, duba jikinta. Wutar Amurka volt 120 ce, tamu 220, kar a jona cajar can sai in an rubuta 100 zuwa 240. Turo mani hoton batirin da lambobin nan biyu, na tsaye da na tuƙi.