Tukunya cikin tukunya, gangar mirginawa da akwatin rage kuɗin wuta: wanne ya cancanci jikarka?

Tun da bazara ta kankama, rabin saƙonnin da ke shigo mini hoto ne ko bidiyo. Wani abu mai siffar ban mamaki da aka gani a WhatsApp, ko a shimfiɗar ɗan koli a Kasuwar Dole ta nan Damagaram (Zinder), a ƙasansa an rubuta: "Malam, in saya?" Na tsinto biyar daga ciki.

Wata uwargida daga Garin Malam: "Ina sayar da kayan miya a ƙofar gida. Tumatir da tattasan da na saro yau, kafin jibi sun yi laushi. Ba ni da kuɗin firigo, ko da ina da shi wutar ba zama take ba. Ɗana ya nuna mini a waya wai ana saka tukunya cikin tukunya ta zama firigo. Gaskiya ne ko wasan yara?"

Hajiya, gaskiya ne, kuma wanda ya fito da sunan abin a duniya maƙwabcinmu ne. Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Dutse ta Jigawa, ɗan gidan maginan tukwane, shi ya yaɗa shi a ƙauyuka, har a shekarar 2000 kamfanin Rolex ya ba shi kyautar dalar Amurka 75,000 a kansa. Sai dai kalmar firigo ta yi masa yawa. Firigo yana kai sanyi maki 4 ko 5. Wannan ba zai kai can ba, ko kusa. Abin da yake yi shi ne ya rage zafin da maki goma ko fiye a ranar da iska ta bushe, ya kuma riƙe danshi a ciki, kayan ba sa yaushi. Ga mai tumatir, wannan ya isa ya raba riba da asara.

Sirrinsa kin san shi tun kina yarinya. Me ya sa ruwan randa ya fi na bido sanyi? Jikin randa yana tsattsafo, iska ta busar da tsattsafon, bushewar ta tafi da zafi. Haka gumi yake yi wa jikin mutum. Nan ma haka ne, an dai ƙara rairayi a tsakani don ya riƙe ruwan.

Ki samu tukwane biyu na ƙasa, babba da ƙarama, yadda in ƙaramar ta shiga za a bar tazarar yatsu biyu zuwa uku a kewaye. Ki zuba rairayi a gindin babbar har bakin tukwanen biyu ya zo daidai, ki cika gefen, ki jiƙa shi sosai amma kada ruwa ya kwanta a sama. Ki rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara ko tsohon zane mai kauri. Safe da yamma ki ƙara ruwa. Tawa, wadda ke gindin dalbejiya a tsakar gida, buta ɗaya da safe ɗaya da la'asar take sha a watan Afrilu.

Inda mutane ke kuskure wuri uku ne, kuma duk na faɗa cikinsu. Na farko, na sa tawa a ɗaki don kada awaki su taɓa, ta ƙi yin sanyi, na ce ƙarya ce. Ashe iska take so, inuwa mai iska, a ɗora ta kan duwatsu uku ko murhun ƙarfe don iskar ta bi ta ƙarƙashi. Na biyu, tukunyar waje ba a so a shafe ta da siminti ko fenti. In ba ta tsattsafo, ba ta sanyi. Na uku, albasa. Na jefa albasa tare da tumatir, cikin mako ta fara tsiro wasu suka ruɓe. Albasa da tafarnuwa bushewa suke so. Tumatir, tattasai, attaruhu, yalo, karas, kuɓewa, ganyen salati, su ne mutanenta. Nama da kifi da madara kuwa kada ki kuskura, sanyin bai kai ya hana su lalacewa ba.

Da damina ta sauka, Yuli da Agusta, iska ta cika da danshi, za ki ga aikinta ya ja baya. Ba lalacewa ta yi ba, haka halinta yake. Sa'armu a Damagaram, watannin bushewa sun fi yawa.

Batun saye: kada ki biya wani ya kawo miki "na waje". Ki je wurin masu tukwane, ko ki aika Mirriya inda ginin tukwane ya zama gado, ki ce a zaɓo miki biyu masu shiga juna. Ki ƙwanƙwasa kowace da yatsa. Mai lafiya tana amsawa da ƙara mai tsawo, mai tsaga muryarta a dushe take. Ki fara da ɗaya. Ki raba tumatir kashi biyu, rabi a ciki rabi a tire yadda kika saba, ki duba bayan kwana huɗu. Gani ya kori ji.

Wani magidanci daga Kara-Kara: "Na ga gangar roba mai hannun ƙarfe da ake turawa tana mirginawa da ruwa a ciki. Yarana suna wahala da ɗaukar bido a ka. Akwai mai zuwa Kano da ya ce zai nemo mini. In ba shi kuɗin?"

Ɗan'uwa, abin da ka gani sunansa Hippo Roller. Mutum biyu ƴan Afirka ta Kudu, Pettie Petzer da Johan Jonker, suka ƙirƙiro shi a 1991. Yana cin lita 90, wato kimanin bido uku da rabi na lita 25. Dabarar tana da kyau: ruwan da kansa ya zama taya, nauyin yana ƙasa, wuyan yaro ya huta.

Amma ka fita ƙofar gidanka ka dubi hanyar da zai bi. An yi shi don doguwar hanya mai shimfiɗa, irin ta ƙauye zuwa rijiya. Zinder a kan dutse take zaune, shi ne ma dalilin da ya sa tun da can ake janyo mana ruwa daga nesa, daga Gogo da Machaya da Arungouza. Lungunanmu ga duwatsu, ga kwatami, ga dakalin ƙofa. Kilo 90 ba ya hawa dakali da hannun yaro. In robar ta fashe, wa zai liƙe ta? In murfin ya ɓace, ina za ka samu irinsa? Kuma ka san wahalar ruwa a garin nan rabinta layi ne a bakin famfo, ganga ba ta rage layi.

Da ni ne, da kuɗin nan zan je wurin mai walda ya haɗa mini ƙaramar kura mai taya biyu, irin ta ƴan ga-ruwa amma mai cin bido huɗu ko shida. Tayar moto ce, kowane mai faci ya san ta. Ranar da babu ɗibar ruwa ta ɗauko buhun hatsi daga kasuwa. Idan kana da dangi a ƙauye da rijiya ta yi musu nisa, kuma hanyar ba rairayi mai zurfi ba ce, su gangar za ta yi wa rana.

Wani mai shagon ɗinki a Sabon Gari: "Ana tallar wani ɗan akwati, jika biyar, wai in ka soka shi a soket kuɗin wuta zai ragu da rabi."

Ƙanena, riƙe jikarka biyar. Ni na saya shekarun baya, wurin wani mai yawo da jaka da baki kamar zuma. Wata biyu kuɗin wuta bai motsa ba. Na kai wa mai gyaran rediyo ya kwance. Me ke ciki? Kwandansa ɗaya (ɗan abin tara wuta irin na cikin rediyo), ɗan koren ƙwai mai walƙiya, da dunƙulen abu kamar siminti da aka manna don akwatin ya yi nauyi a hannu. Mai gyaran ya yi dariya har da riƙe ciki.

Mitar gida tana ƙirga wutar da kayanka suka ci ne. Dutsen guga mai wat 1,000 zai ci wat 1,000, ko akwati goma ka jera a bango. In kana son ragi na gaske, a shagon ɗinki dutsen guga ne babban maciyi: tara guga ka yi ta lokaci ɗaya, kada a bar shi a jone ana hira. Ka canza tsofaffin ƙwayaye zuwa LED. Shi ke nan.

Wata malamar makaranta daga Birni: "Itace da gawayi sun yi tsada. An nuna mana murhun rana a wani taro, kwali ne da aka lulluɓe da takarda mai ƙyalli. Zai iya ciyar da gida mai mutum takwas?"

Malama, zai taimaka, ba zai ciyar ba. Murhun rana iri uku ne: na kwali da kika gani, na akwati mai murfin gilashi, da mai kama da faranti na tauraron ɗan Adam. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Farfesa Abdou Moumouni, ɗan Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shafe shekaru yana aiki kan dafa abinci da ɗumama ruwa da hasken rana a ONERSOL, cibiyar binciken makamashin rana ta Nijar. Rana ba ta taɓa yi mana ƙaranci ba. Abin da ya hana murhun kama gidaje shi ne yadda muke girki.

Na kwali yana son baƙar tukunya mara kauri, a sa ta cikin leda mai jure zafi, a bar ta awa biyu zuwa huɗu ba a buɗewa. Shinkafa, wake, dankali, farfesu, duk suna nuna, ba sa ƙonewa. Amma tuwo tuƙi yake so, a buɗe, da wuta mai ƙarfi a ƙasa. Ƙosai mai yake so mai tafasa. Kunun safe kafin rana ta ɗaga ake damawa, tuwon dare bayan ta faɗi. Ranar da hazo ya rufe gari lokacin hunturu kuwa, sai dai a ci gari da ƙuli. Mai kama da faranti yana soya har da tafasa da sauri, sai dai kowane minti goma sha biyar zuwa ashirin sai an juya shi ya bi rana, ƙyallinsa yana cutar ido, kuma gidan da ke da ƙananan yara sai an sa ido sosai.

Ke da kike fita aiki da safe ki dawo da azahar, na kwali ya dace da ke ta fuska ɗaya: ki ɗora wake kafin ki fita, ki tarar ya nuna. In da arha, ki saya don wannan. Amma ga wata dabara da ba a tallarta saboda babu abin sayarwa a cikinta. Ki samu babban kwando, ki shimfiɗa masa tsummoki ko auduga ko tsohon bargo, ƙasa da gefe, da matashi na rufewa. Ki tafasa shinkafa minti biyar, wake kamar minti ashirin, ki sauke tukunyar a rufe, ki cusa ta cikin kwandon ki danne. Zafin da ke jikinta zai ƙarasa dahuwar. A Afirka ta Kudu an mai da wannan sana'a, ana ɗinka shi kamar jaka ana kiransa Wonderbag. Uwargidana da tsohon bargon auren mu ta haɗa nata, kuma ba ruwansa da hazo ko dare. Abu ɗaya: kada abincin ya wuni a ciki har ya huce; in ya yi ɗumi-ɗumi, a sake tafasa shi kafin a ci.

Wani ɗan kabu-kabu: "Hula mai ƙaramar fanka a goshi da allon sola a sama. Tana maganin zafi?"

Samari, kai da kake kan moto iska tana dukanka daga safe har dare, me ƴar fanka mai faɗin murfin kwalba za ta ƙara maka? Tana juyawa in kana cikin rana, ka shiga inuwa ta tsaya, ƙura ta shiga cikinta ta fara kuka kamar sauro a kunne. Ka sayi hular kwano, ka riƙa shan ruwa. Wani ɗan ƙanwata ya sayi irinta ranar Alhamis ɗin da ta wuce. Yanzu haka fankar tana hannun ƙaninsa, ya ɗaura ta a motar kara.