Muryar Injiniya: Dillali Ya Ce Babu Garanti In An Ɗora Linux

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Amsa ce ga ɗan'uwanmu na Kaduna, da ya ce dillalin da zai kawo musu sabar (babbar kwamfutar da sauran kwamfutoci ke dogaro da ita) a ofis ya ce in suka ɗora Linux, manhajar tafiyar da kwamfuta da ke buɗe ga kowa, babu ruwansa, garanti sai da Windows Server. Yana tambaya yaya za a shawo kansa.

To ɗan'uwa, kada ka je roƙo. Masu ƙera injinan nan ba wa'azin 'yancin manhaja suke saurara ba, takardar oda suke karantawa. Ka duba IBM, a ƙarshen 2000 suka ce za su zuba dala biliyan 1 a kan Linux. Ba sadaka suka yi ba, sun ga inda masu sayen sabar suka karkata. A 2019 ma sai suka saye Red Hat, kamfanin da ke sayar da nasa nau'in Linux, ɗungurungum, dala biliyan 34. Kuma tun Nuwamba 2017, kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya duk Linux ne a kansu. Saboda haka mutuminka, ko dai bai sani ba, ko kuma kuɗin lasisin Windows yake so ya cusa muku a farashi.

Nvidia, mai ƙera katunan hoto na kwamfuta, ita ma haka ta kasance. A 2012 Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya tsaya gaban jama'a a jami'ar Aalto ta Finlan ya yi musu tas kan yadda suke yi wa Linux, har da nuna yatsa. Bidiyon ya zaga duniya, amma sai 2022 suka buɗe ɓangaren direbansu (manhajar da ke sa na'ura ta yi aiki) na kanel, wato zuciyar Linux. Kuma ka lura, katunan manyan cibiyoyin ajiyar bayanai suka fara cewa sun shirya, wato inda kuɗin yake. In kamfani ya ce ai ba shi da ma'aikatan da za su rubuta direba, wannan uzurin ya mutu tun 2007, lokacin da Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga cikin manyan masu kula da kanel na Linux, ya ce duk kamfanin da ya ba da bayanan na'urarsa za a rubuta masa kyauta, har yarjejeniyar riƙe sirri za a sa hannu.

Yawwa, ga abin yi. Ka karɓi cikakkiyar lambar injin, ka nema a jerin injinan da Red Hat da Ubuntu (wani nau'in Linux) suka tantance, suna nan a shafukansu. Dell PowerEdge ne, HPE ProLiant ne, Lenovo ThinkSystem ne, yawancinsu za ka same su. Ka buga shafin a takarda ka ajiye masa a tebur.

Amma inda ake cin mutane shi ne katin RAID, wato katin da ke haɗa faifan ajiya su yi aiki tare. Wasu ƙananan ProLiant suna zuwa da wani mai suna B140i, direbansa a rufe yake, in ka sabunta kanel yana iya daina ganin faifan kwata-kwata. Kafin ka biya ko sisi, ka je da filas ɗinka mai Ubuntu, ka tayar da injin a gabansa, ka buga lspci (umarnin da ke jero na'urorin cikin injin), ka ga katin RAID da katin netwok sun fito, sannan ka tabbatar faifan sun bayyana. In irin wancan katin ne, ko a canza shi da na gaske, ko ka mayar da shi AHCI, wato yanayin da Linux zai ga kowane faifai kai tsaye, ka haɗa faifanka da mdadm, manhajar RAID ta Linux. Musamman ku masu sayen tokunbo, don can babu wanda za ka kai wa ƙara.

Sai takardar kwangila, nan ne ƙarfinku yake. A rubuta ɓaro-ɓaro: direba ya kasance cikin kanel na asali, ba wani fayil da za a ba ka a gefe ba. A iya sabunta manhajar cikin injin ba tare da Windows ba. Garanti kuma ya tsaya ko da Linux aka ɗora. Wanda bai cika ba, ba a buɗe ambulan farashinsa. In ofisoshi uku ko huɗu cikin zauren nan suka sa sharaɗi iri ɗaya, wallahi shi da kansa zai kira ka yana tambaya Ubuntu kuke so ko Red Hat.

Ka turo lambar injin anjima mu duba tare. Na gode, a huta lafiya.