Wane kwalekwale mai inji zan saya wa iyali?

Tambaya: Malam, ina zaune a Jidda, ina son kwalekwalen jet (mai tafiya ta hanyar zukar ruwa da feso shi ta baya) na fita da yara bakin tekun Abhur ranar Juma'a, wanne ne ba ya ba da matsala? Daga wani mai karatu.

Amsa: Alhaji ka yi tunani mai kyau, domin jet farfelarsa a ciki take, ba za ta yanki yaro in yana iyo ba. Ni Yamaha zan ce maka saboda kayan gyaransa ba wuyar samu, kuma yana da kofar ciro leda ko ciyawa in ya zuka. Amma fa ruwan Bahar Maliya gishiri ne sosai, duk dawowa ka wanke injin da ruwan dadi. In na hannu ne ka duba awannin da injin ya yi yana aiki, a gwada shi cikin ruwa kafin ka biya. Rigar ceto dole ga kowane yaro, sannan izinin Harasul Hudud (masu tsaron iyakokin Saudiyya) kafin fita.