Alhaji, kafin ka ba da kafin alƙalamin sabuwar Hilux

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka ce Vigo ɗinka, wato tsohon zubin Toyota Hilux, ta fara gajiya, kuɗi kuma suna hannu, kana shawarar ko ka sayi Revo, zubin da ya biyo bayanta, da ke kasuwa yanzu ko ka daure sabuwar Hilux ta iso, aikinta kuwa dakon taki da amfanin gona ne tsakanin Kano da ƙauyuka. Ga abin da nake gani. In Vigo za ta riƙe ka shekara ɗaya da rabi zuwa biyu da ɗan gyara, jira ba laifi ba ne. In ba za ta iya ba, ka nemi Revo ta ƙarshen zubi. Kuma ka daina ƙirga jiran daga ranar da aka yaye wa motar mayafi. Ranar da ta shafe ka ita ce wadda za ka shiga Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan mota ta Kano, ka tambayi filtarta da fitilarta a miƙo maka.

A Bankok ta ƙasar Tailan aka nuna ta a Nuwamban 2025, can suna kiranta Travo. Fuska ta sauya, ciki ya sauya, an sa manyan allunan kallo, sitiyarin ya koma na lantarki maimakon mai famfo da mai. Amma shasin na Revo ne aka ƙara wa ƙarfi, injin gas ɗin ma shi ne dai 1GD mai lita 2.8. Akwai mai tallafin batirin bolt 48, akwai kuma mai lantarki zalla, wadda nisan cajinta bai kai kilomita 300 ba a gwajin Turai, nauyin da take ɗauka kuma ya gaza na mai gas. Wannan ta ƙarshen ka cire ta daga lissafi. Abin lura a nan shi ne, ta fuskar ja da ɗaukar kaya, sabuwar ba ta yi wa Revo ta 2020 zuwa sama wata tazara ba. Yawancin abin da za ka jira jin daɗin zama ne da na'urori.

Kada hotunan Facebook su sa ka ɗauka gobe za ta sauka Apapa. Dubi Ford Ranger: an nuna sabon zubinta a Nuwamban 2021, masana'antar Silverton ta Afirka ta Kudu ba ta fara ƙera ta ba sai ƙarshen 2022, Amurka kuwa sai 2024 ta samu. Kamfani yakan fara ƙosar da manyan kasuwanninsa ne tukuna. Motocin farko da za ka gani a hannun 'yan kasuwa sau da yawa na wata ƙasa ne, kuma a nan haɗarin yake.

Na farko shi ne sitiyari. Tailan da Ostareliya da Afirka ta Kudu duk sitiyarinsu a dama yake, namu da na Nijar a hagu. Masana'antun Tailan da Afirka ta Kudu suna ƙera mai hagu don fitarwa, wannan ba matsala. Matsalar ita ce wadda aka sayo mai dama aka juya a gareji. Tun a kan Vigo juyin nan yake barin walda a inda bai kamata ba, da wayoyin da aka yanka aka ɗaure da salatif. A kan mai sitiyarin lantarki abin ya fi muni, domin sitiyarin yana magana da kwamfutar mota da kyamarar gilashin gaba. Ka leƙa ƙarƙashin dashbod da tocila, ka dubi bangon da ke tsakanin inji da ɗaki ko akwai ramin da aka toshe a dama, ka ga ta ina waifa take kwanciya. Ka ga alamar juyi, ka bar musu kayansu komai arha.

Na biyu, kuma shi ne ya fi cin kuɗin mutane, salansa. Motar gas da aka ƙera don Turai ko Ostareliya tana da DPF, wata matata ce a cikin salansa mai tare baƙin hayaƙi. In ta cika, kwamfuta takan fesa ƙarin gas ta ɗaga zafi zuwa wajen digiri 600 ta ƙone tokar. Ƙonawar tana son tafiya mai ɗan tsawo ba tsayawa. Motar da ke wuni a cunkoson Kano, ko a bar ta tana aiki a tsaye saboda iyakwandishan, ba ta samun wannan dama. Sai matatar ta toshe, fitila ta kama, mota ta ƙi ja, wani lokacin gas ya gangara cikin baƙin mai ka ga ma'auni ya haura. Ga kuma sulfa. Gas ɗin Turai ba ya wuce kashi 10 cikin miliyan, ma'aunin da ECOWAS ta amince da shi 50 ne, na jarka a bakin hanya kuwa Allah kaɗai ya san abin da aka gauraya masa. Wasu na Turai ma har AdBlue suke sha, wani ruwa mai tsaftace hayaƙi, in ya ƙare kuma ka kashe mota ba za ta sake tashi ba sai an zuba. Baƙin mansu ma na musamman ne mai ƙarancin toka, ba 20W-50 da aka saba ba.

Kada a ce maka sai a cire DPF ɗin kawai. Cirewa ba tare da taɓa kwamfuta ba yana jefa mota cikin matsala, taɓa kwamfutar sabuwar mota kuma yana kashe garanti. Ka nemi wadda aka ƙera don Afirka ko ƙasashen Larabawa tun daga masana'anta, a kuma rubuta maka ko tana da DPF. In ba ka jan tirela, mai fetur 2TR lita 2.7 ta fi kwanciyar hankali. Tana sha, a kan tudu da lodi kuma za ka ji rauninta, amma ba ta da tobo, kuma kusan kowane makanike ya san cikinta.

Sai maganar shekarar farko. Revo ta fito a 2015. A 2022 kotun tarayya ta Ostareliya ta yanke cewa DPF ɗin Hilux da Prado da Fortuner da aka sayar daga Oktoban 2015 zuwa Afrilun 2020 yana da aibi, motoci sama da 260,000. A can ɗin ne kuma masu bin hanyar burji suka yi kukan ƙura mai laushi tana wuce filtar iska ta zauna kan sensar da ke auna iska, mota ta rage gudu da kanta. Mu da muke da hunturu wannan ya shafe mu kai tsaye. Sai a gyaran 2020 abubuwa suka daidaita, ƙarfin injin ya kai doki 204. Gaskiya tunda injin sabuwar shi ne dai na Revo, ban sa ran ya ba da mamaki ba. Inda zan sa ido shi ne sitiyarin lantarki, manhajar allo, da na'urar bolt 48 mai batiri a ƙarƙashin kujerar baya. Su ne mai wayarin unguwa bai taɓa buɗewa ba, kuma na'urar binciken da ke hannunsa ba lallai ta karanta su ba.

Kayan jiki ma abin dubawa ne. Birki da sifirin da kayan inji wasu za su yi daidai da na Revo, amma fitila, bamba, madubi da gilashin gaba sababbi ne. Akuya ɗaya a hanyar Ɗambatta ta isa ta ajiye motar makonni ana jiran fitila daga Dubai. Gilashin gaba in an sauya sai an sake saita kyamara. Ƙarfen gaba da muke son ɗaurawa kuwa, in ba wanda aka yi don ita ba ne, yana tare radar da ke gaban motar.

Game da kafin alƙalami, kada ka biya a kan hoto. Ko wajen dilan Toyota na hukuma ne ko ɗan kasuwa, takarda ta nuna irin inji, giya, hannun sitiyari, ranar miƙawa, da sharaɗin mayar da kuɗi in rana ta wuce. A fayyace farashin a naira yake ko a dala, kuma wa zai ɗauki bambanci. Ka tuna dala tana wajen naira 460 a farkon 2023, ta haura 1,500 a farkon 2024. Kada ka cika kuɗi sai an ba ka lambar shasi mai harafi 17. Farkonta yana gaya maka asali: MR0 Tailan, AHT Afirka ta Kudu, 8AJ Ajantina. Takardun kwastan su ɗauki wannan lambar harafi da harafi.

In ka zaɓi jira, ka kashe wa Vigo abin da zai tsare injinta. In mai gas ce 1KD ko 2KD, bel ɗin taimin ana sauya shi a kilomita 150,000, tare da abin ɗaure shi. A duba wasar ƙarƙashin nozul, domin in ta fara yoyo, toka tana shiga baƙin mai ta toshe rariyar famfon mai, inji ya ƙone ba gargaɗi. A tsiyaye ruwan filtar gas, a wanke lagireto, a duba ganyen sifirin na baya kafin lodin kaka. Fenti da kujeru ka bar wa mai saye.

In kuma Revo za ka saya, ka yi hattara da waɗanda aka sauya wa fuska. Ana ɗauko ta 2016 a sa mata bamba da fitilun 2021 a sayar da kuɗin sabuwa, kuma da zarar Travo ta yi suna za a fara yi wa Revo kwalliyarta. Ka karanta lambar shasi a jikin ƙarfen kansa, ka gwada da ta allon ginshiƙin ƙofa, ka duba shekarar da ke jikin ƙyallen bel ɗin kujera. Su ma dilolin sukan sassauta farashin tsohon zubi in sabo ya kusa sauka, don haka ka tambayi nawa suka rage a ajiyarsu kafin ka taya.

Ka faɗa mana injin Vigo ɗin da kilomitar da ta ci, da ko giyarta ta hannu ce, sai a ƙiyasta maka gyaran da zai kai ta damina biyu.