Amsa ga ƙanenmu mai neman inda zai ci abinci a hanya

Assalamu alaikum ƴan'uwa direbobi. Ƙanena, na ga tambayarka, inda ka ce ba ka daɗe da karɓar babbar mota ba, kana jigila tsakanin Damagaram da Yamai, wani lokaci a tura ka Agadas, kuma kusan kowace tafiya sai cikinka ya ɓaci, shi ya sa kake so a nuna maka wuraren da mutum zai ci ya tashi lafiya. Wallahi da na karanta sai da jikina ya yi sanyi, domin abin da ke damunka ni ma na sha shi.

Ba zan jera maka sunayen rumfuna a nan ba, saboda rumfar da ta yi kyau bana tana iya lalacewa baɗi idan mai girkin ta canja. Abin da shekaru suka koya mini shi ne lokacin da ka isa wuri ya fi sunan wurin muhimmanci, domin tuwon da aka sauke bayan magariba lafiya ne, amma shi ɗin ne zai kwantar da kai idan ya kwana aka ɗumama shi sama-sama.

A cikin bazara ne abin ya same ni, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Na ɗauki kaya zuwa Agadas, na tsaya a wani gari da ba zan ambata ba, don kada laifin mutum ɗaya ya shafi bayin Allah masu neman halaliyarsu a wurin. Tsakanin azahar da la'asar ne, na tarar da shinkafa da miyar nama a rumfar wani mutum, na tambaye shi ko girkin yau ne, ya rantse mini da Allah cewa yanzu aka sauke. Ashe barkono ya zuba mata da yawa don ya ɓoye tsamin da ta fara yi. Kafin tsakar dare, ina cikin dajin da ke gaban Adarbisanat, amai da gudawa suka taso mini a tare, jijiyoyin ƙafata suka ɗaɗɗaure har na kasa taka birki yadda ya kamata. Da ƙyar na sauka gefen hanya. Na kwanta a ƙarƙashin mota a kan rairayi, babu rezo balle in kira gida, yaron motata yana riƙe da kaina yana kuka, ni kuwa ina ta kalmar shahada, ina tunanin ƴaƴana da na bari a unguwar Birni ta Damagaram. Allah ne ya kawo wani dattijon direba da asuba, ya tsaya, ya haɗa mini ruwan gishiri da sukari, yana ba ni kaɗan-kaɗan har na iya zama. Allah ya saka masa da alheri duk inda yake.

Abin da ya fi ciwon ƙona mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Da na samu rezo na kira mai motar, bai tambaye ni jikina ba, kaya ya tambaya, da dalilin da ya sa ban isa ba, kuma da na dawo sai da ya yanke mini kuɗi a kan jinkiri. Da na koma wurin mai rumfar na gaya masa cikin mutunci, sai ya dube ni ya ce cikina ne ba shi da ƙwari, wai wasu sun ci ba abin da ya same su. Mutum ya rantse maka da sunan Allah a kan kwanon shinkafa, ya kusa mayar da ƴaƴanka marayu, sannan ko haƙuri ya kasa ba ka! Har yau idan na wuce ta gaban rumfar nan sai zuciyata ta tafasa.

To, hanyar Yamai kusan kilomita 900 ce, kuma Allah ya sa garuruwa sun jeru a kanta: Takeita, Tasawa, Maraɗi, Gidan Rumji, Madawa, Galmi, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso. Ba za ka rasa abinci ba, zaɓe ne aikin. Kada ka bi inda motocin fasinja ke sauke mutane na ɗan lokaci, domin mai sayarwa a nan ya san wanda ya ci yau ba lalle ya sake ganinsa ba. Ka duba inda tsofaffin direbobin manyan motoci suke ajiye motocinsu su zauna, saboda matar da ke ciyar da su ta san za su dawo mako mai zuwa, kuma ta san idan ta cuci ɗaya labari zai kai Ƙonni kafin ita ta wanke tukunya. Ni a Maraɗi da Ƙonni nake cin abinci mai nauyi, da dare, lokacin da tuwo ke fitowa daga wuta yana tururi. Da safe kuwa koko da ƙosai ko waina, waɗanda ake soyawa a gaban idonka.

Kafin ka zauna, ka leƙa inda ake wanke kwanuka. Idan ruwa ɗaya ne a roba tun safe, ya yi kauri da maiƙo, ka yi sallama ka wuce ko da ƙamshin miyar ya kai sama. Tsire da balangu ka sa a mayar maka da su kan wuta. Latas da kwaɗon zogalen da suka wuni a rana ka bar su, haka ma furar da aka jefa wa ƙanƙarar da ba ka san da wane ruwa aka yi ta ba. Ka tuna kwalarar da ta ɓarke a 2021, wadda ta taɓa jihohin Maraɗi da Damagaram, ruwa da abinci marasa tsabta ne hanyarta.

Hanyar Agadas ita ce ba ta son ganganci. Kimanin kilomita 450 ce, kuma idan ka wuce matatar man fetur ta SORAZ ka bar Tanut a baya, wuraren ci sun yi ƙaranci ƙwarai. A can guzurinka ne gidan abincinka: jarkar ruwa da ka cika da hannunka, kilishin Tasawa, cuku, dabino, alkakinmu na Damagaram, da ƴar tukunya da shinkafa da albasar Galmi, yaronka ya dafa muku a gindin mota. Kuma don Allah, ku da kuke barin yaran mota da ragowar kwano, ku ji tsoron Allah. Yaron nan shi ne zai riƙe kanka ranar da ka faɗi.

Kada ka cika ciki da tuwo ka kama sitiyari nan take, barci ne zai ɗauke ka, kuma kada wani ya ruɗe ka da tiramol a cikin shayi wai don ido ya buɗe, mun binne waɗanda suka bi wannan shawara. Ka riƙa tafiya da ƙunshin gishirin zawo na kantin magani. Idan babu, lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Tun da kuma ka ce kowace tafiya cikin yake ɓaci, ina roƙonka ka je asibiti a yi maka gwajin jini da na bayan gida kafin lodinka na gaba, domin yana iya zama taifot ko tsutsar ciki, kuma ƙwayoyin masu talla a tasha ba za su raba ka da su ba.

Ka neme ni ni kaɗai ka gaya mini ranar da za ka tashi, zan haɗa ka da baiwar Allahn da nake ci a wurinta a Ƙonni. Idan ka kira ta tun kana Madawa za ta ajiye maka naka da zafinsa.