Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Chrome Ke Fitowa Rututu a Kwamfutata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon kwamfuta a Ƙofar Ƙaura, Katsina, inda ɗalibai ke zuwa cike fom. Shafi uku kawai nake buɗewa, amma a Task Manager sai in ga Chrome ya fito fiye da sau goma, RAM ɗina kuma 4GB ne. Ko cuta ce ta shige ta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka, da gangan aka gina shi haka, kuma dabarar daga manhajojin da ke tafiyar da kwamfuta aka aro ta. Windows da Linux suna ware wa kowace manhaja nata wurin a ƙwaƙwalwa (wato RAM), ba sa barin wata ta leƙa na wata, mai son fayil ko intanet kuwa sai ta bi ta cibiyar tsarin. A tsofaffin burauza duk shafuka wuri guda suke aiki, shi ya sa ɗaya na maƙalewa sai duka su rufe.

Masu bincike na cikin waɗanda suka fara gwada gyaran: burauzar gwaji mai suna OP a Jami'ar Illinois a 2008, sai Gazelle ta Microsoft a 2009, wadda ta yi wa burauza cibiya ɗaya mai riƙe da iko, kowane gidan yanar gizo kuma aka killace shi shi kaɗai. Da Spectre, wata matsalar tsaro a processor na kwamfuta, ta bayyana a 2018, aka gane cewa mugun shafi zai iya karanta bayanan da ke zaune tare da shi a ƙwaƙwalwa. Daga sigar Chrome ta 67 killacewar take zuwa a kunne a kwamfuta, Google kuma ya ce a lokacin tana ƙara cin RAM da kashi 10 zuwa 13 cikin 100. Tallan da wani gidan ya maƙala a shafinka yana samun nasa aikin daban, haka ƙarin manhajojin da ka ɗora wa Chrome (extensions), da sashen zana hotuna, da na intanet. Kowane aiki kuwa da sunan Chrome yake fitowa a Task Manager, ga inda goman ya fito.

Danna Shift da Esc a cikin Chrome, za ka ga abin da kowanne ke ci. Cire ƙarin manhajojin da ba ka amfani da su, ka kunna Memory Saver a saiti. Idan babban allon da ke cikin kwamfutar (motherboard) na da gurbi, ka kai RAM ɗin 8GB.

Wasu masu gyara kan ba da shawarar a kashe killacewar don sauri. Don Allah kada ka yarda, tunda a na'urarka ɗalibai ke shigar da lambobin katin banki da kalmomin sirrinsu.